Baƙi Sun Zana Sarakunanmu, Yaushe 'Ya'yanmu Za Su Riƙe Fensirin?

A jadawalin makarantun firamarenmu akwai darasin da kowa ya san shi ake fara yankawa idan lokaci ya ƙure, wato darasin zane. Idan lissafi bai ƙare ba, sa'ar zane ake ci. Idan anspekta zai zo, sa'ar zane ce ke komawa sharar fili. Ba kasafai uba ke zuwa lakwal ya tambayi dalilin da ya sa kayen zanen ɗansa ya ƙare shekara da shafi biyu kacal ba, domin shi ma a wurinsa zane wasan yara ne. Ra'ayina shi ne wannan sakaci yana da tsada, kuma mu mutanen Damargu muna da shaidar tsadarsa a tarihinmu. Duk wanda yake son ya ga yadda ƙasar nan take a zamanin kakannin kakanninmu, yadda ayari ke sauka da yadda sarki ke hawa ranar Sallah, sai ya je ya ari idon baƙo.

A watan Janairun 1851 wasu Turawa uku suka shigo Damargu daga Azbin tare da ayarin gishiri na Kel Ewe, ƙarƙashin kariyar shugabansu Annur. Su ne James Richardson, Bature ɗan Ingila, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. A Tagelel suka rabu. Richardson ya nufi Zinder, sauran biyun suka yi wajen Tasawa. Richardson bai kai ƙarshen watan Maris ba ya rasu a kan hanyar Kukawa, Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852. Barth kaɗai ya koma gida a 1855, shi da mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Littafinsa ya fito juzu'i biyar tsakanin 1857 da 1858, kuma a cikinsa ya ambaci garuruwan Damargu irin su Olalewa da Kulankarki, ya bayyana gonakin gero da yadda Azbin ta dogara da hatsin ƙasar nan.

Wata uku kafin ya iso nan, a Oktoban 1850, Barth yana Agadas lokacin da naɗin Sarki Abdulƙadir ya zo daidai da Sallar Layya. Ya ga shugabannin Kel Geres da Itesen da Kel Ewe sun taru don tabbatar da sarkin, ya ga hawan da aka yi zuwa filin Idi, ya rubuta jerin mahayan da shigarsu, har da alkyabbar da shi da kansa ya ba sarkin kyauta, wadda ya gan shi sanye da ita ranar. Ya kuma zana garin da hasumiyar masallacinsa. Shekara fiye da ɗari da saba'in ke nan, kuma har yau idan ɗalibin tarihi yana son ya san yadda aka yi wancan hawa, wurin wannan Bajamushe zai je.

Ga wani abu kuma da ba kowa ya lura da shi ba. Hotunan nan masu launi da ke cikin littafin Barth ba su ne ainihin abin da hannunsa ya zana a hanya ba. Zanensa na gaggawa ne, da fensir a ɗan littafin aljihu. Da ya koma Turai aka miƙa su ga wani gwanin zane, Johann Martin Bernatz, ya sake fitar da su don bugawa. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma bai taɓa taka Azbin ko ƙasar Hausa ba. Ke nan hoton da muke kallo muna cewa ga ƙasarmu a 1850 ya bi ta hannu biyu, hannun baƙon da ya kwana kaɗan ya wuce, da hannun wanda bai zo ba sam.

Bayan su wasu sun biyo. Rundunar Foureau da Lamy ta ratsa Damargu a 1899 zuwa Zinder, da bindigogi da na'urar ɗaukar hoto. A ƙarshen 1924 ayarin motocin kamfanin Citroën da ya taso daga Aljeriya ya iso Zinder, a cikinsa akwai wani mai zane ɗan Rasha da ya bar ƙasarsu ya zauna Paris, Alexandre Iacovleff. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a kan hanya, daga Sin da Japan zuwa Afirka, yana zana fuskokin mutanen da ya tarar. Ya zana Sarkin Damagaram na lokacin, Barma. An baje zanensa na wannan tafiya a Paris a 1926, kuma har yanzu ana sayar da irinsu a gwanjo a Turai. Jikokin waɗanda aka zana ɗin ba su da ko ɗaya a bangon ɗakinsu.

Ba zargin waɗannan mutane nake yi ba. Ba don su ba da abubuwa da yawa sun ɓace ba alama. Sai dai baƙo abin da ya ba shi mamaki yake zanawa, kuma don mutanen garinsu yake zana shi. Abin da ya fi muhimmanci a wurin ɗan gari, wane ne ke gaban sarki, wane ne ke bayansa, me ya sa rawanin wannan ya bambanta da na wancan, sau da yawa baƙo ba ya ma ganinsa.

Misali mafi girma na wannan al'amari ya girmi Barth da kusan shekara ɗari biyar, kuma daga Sifaniya ya fito. Duk malamin da ya taɓa koyar da darasin daular Mali ya san hoton nan na Mansa Musa zaune a kan karaga, da kambin zinariya a ka, yana riƙe da dunƙulen zinariya, wani mai amawali a kan raƙumi yana nufo shi. Hoton yana cikin wata babbar taswirar duniya da aka yi a 1375 a tsibirin Mayorka, kuma ana jingina ta ga wani Bayahude mai suna Abraham Cresques, wanda ke yi wa gidan sarautar Aragon aikin taswira. A kan fata aka zana ta, kuma yanzu tana ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris. Cresques ya sa Tambutu da Gao da Tagaza a cikinta, domin Yahudawan tsibirinsu suna da hulɗar ciniki da Tilimsan da Sijilmasa, inda ayarin Sahara ke sauka. Fatake ne suka yi masa tafiyar, shi yana zaune a shagonsa yana sauraro.

Amma Mansa Musa ya yi hajjinsa a 1324, ya rasu Cresques yana yaro, ba su taɓa haɗuwa ba. Da mai zanen ya zo fitar da sarkin, sai ya ba shi abin da ya sani: kambi irin na sarakunan Turai, da sandar sarauta irin tasu. Ibn Battuta, wanda ya je Mali da ƙafarsa a 1352, ya kuma ratsa Takadda a ƙasarmu ta Nijar a kan hanyarsa ta komawa, ya ga Mansa Sulaiman ranar Sallah, kuma abin da ya bayyana daban ne: laima mai tsuntsun zinariya a samanta, da makaɗa, da mawaƙan fada sanye da shigar gashin tsuntsu. Duk da haka hoton wanda bai gani ba shi ne ya ci kasuwa. Shi ke cikin littattafan makaranta, shi ke intanet, shi yaranmu ke gani idan an ce Mansa Musa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Hoto ɗaya, ko da na ƙiyasi ne, yana iya danne shafi goma na shaidar ido.

Su mutanen Sifaniyar ba su bar bikinsu a hannun baƙi ba. Sarki Alfonso na Goma, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, ya tara marubuta da masu fassara da masu zane a fadarsa, cikin masu fassarar har da Yahudawa da suka iya Larabci. A 1283 aka kammala masa wani littafi a Ishbiliya a kan wasanni, mai hotuna fiye da ɗari, inda ake ganin Musulmi da Kirista da Yahudawa, maza da mata, kowa da irin tufafinsa. A shekarun 1460 kuma wani na jikin gwamnan birnin Jaén ya rubuta bukukuwan da ubangidansa ke shiryawa, har da wani wasan dawaki da manyan ƙasar suka fi so: mahaya su kasu gida biyu, su riƙa sukuwa suna jifan juna da kara, suna karewa da garkuwar fata, sau da yawa cikin shigar Musulmin Andalus. Salon hawan ma, na gajeren likkafa, daga Barbarawan Zanata suka koyo shi, har kalmar da suke kiran mahayin doki da ita a yau daga sunan Zanata ta samo asali. Sunan wasan idan aka fassara shi kai tsaye shi ne wasan kara. Ba shi da dangantaka da wasan karan Zinder, inda matasa ke kwaikwayon manya da kayan da suka ƙera da karan hatsi; suna ne kawai ya zo ɗaya. Bambancin da ya dame ni shi ne nasu na shekara ɗari biyar baya an san fasalinsa dalla-dalla, namu na shekara sittin baya sai an nemi tsoho.

A daidai waɗannan shekaru na 1460 Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano. Tarihin Kano ya ce shi ya fara kakaki da figini. Mun san wannan domin an rubuta. Amma tsawon kakakin Rumfa, da naɗin rawaninsa, da kwalliyar dokinsa, babu wanda ya bar mana. Kada a ce ba mu adana tarihi ba. Maroƙa da mawaƙan fada da malamai sun riƙe sunaye da salsala da kirari riƙo mai kyau. Kamanni ne suka zube a hanya, domin baki ba ya ɗaukar kamanni.

Kuma ba rashin baiwa ba ne. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse tun dubban shekaru, babban ya haura mita biyar. Maginan Birnin Zinder sun cika fuskar gidaje da zane. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ana yi wa allonsa zayyana. Dukawanmu da maƙeran azurfa da matan da ke zanen ƙwarya da saƙar tabarma, duk masu zane ne. Akwai ma wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bawa yana ƙarami, Overweg ya 'yanta shi, ya bi Barth har Ingila da Jamus. Da aka ba shi dama ya faɗi labarin rayuwarsa da abin da ya gani a Turai da Hausa, aka rubuta, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Ranar da ɗanmu ya samu mai saurarensa, sai ga Turawan sun zama su ne abin kallo. Yaron ƙauye ne kamar waɗanda ke zaune gabanmu a aji.

Na san abin da za a ce, domin ana faɗa a zaure da ofishin darakta.

Na farko maganar addini ce, kuma ba maganar da za a yi wa dariya ba ce. Iyaye da yawa suna gudun zanen abu mai rai, kuma suna da hujjar da suka ji daga malamansu. A littattafan Malikiyya da aka saba karantawa a ƙasar nan, inda aka fi tsanantawa shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa an sassauta hukuncinsa. Wasu malaman kuma sun tsananta a duka biyun. Ba aikin mushe ba ne ya yanke wannan hukunci, kuma bai kamata a tilasta wa yaron da gidansu ba su yarda ba. Amma a hawan Sallah guda ɗaya, abin zanawa marar rai ya ishi aji shekara guda: sirdi, linzami, likkafa, ragama, majayi, jalala, ƙaimi, takobi da kubensa, tambari, algaita, kakaki, laima, sirdin raƙumi mai giciye a gaba, ƙofar fada, da taswirar hanyar da sarki ke bi daga gida zuwa Idi ya dawo. Wanda ya yarda ya zana doki da mahayinsa ya zana, wanda bai yarda ba ya zana kayan dokin.

Na biyu, za a ce yanzu kowa na da waya, me ya kawo fensir? Gaskiya ne ranar Sallah a Tanut ko Balbeji wayoyi sun fi dawaki yawa. To ina hotunan Sallar shekara biyar da ta wuce? Wayar ta faɗa ruwa, ko an sace, ko an goge don a samu wurin sababbi. Waɗanda suka tsira ma ba su da suna: ba a san wane ne a kan dokin ba, balle sarautarsa. Sa'an nan ɗaukar hoto ba ya buƙatar ka kalli abu. Yaron da aka ce ya zana linzami dole ya tsaya ya ga inda ƙarfen ya shiga, inda fatar ta ɗaure, kuma dole ya tambayi sunan kowane yanki. A nan ilimin yake. A ɗauki hoton da waya, ba laifi, zai ma taimaki yaro ya gyara zanensa. Amma hoton ba zai koya masa lura ba.

Na uku, za a ce yaran da ba su iya karatu ba tukuna, ina su ina zane? Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, domin kowane malami ya san halin da karatu ke ciki a ajinmu na langa-langa da na zana. Amsata ita ce zanen da nake nufi karatu ne. Yaro ya zana tambari, ya rubuta sunansa a ƙasa, ya rubuta jimla biyu a kan wanda ke kaɗa shi da lokacin da ake kaɗa shi, da Hausa ko Tamajak ko Barbarci ko Fulatanci, sa'an nan da Faransanci. Yaron da ke jin tsoron farin shafi ya fi saurin rubutu idan akwai abin da hannunsa ya riga ya ɗora a kai. Zanen bangon gida kuma darasin awo ne da daidaita ɓangare da ɓangare. Ga iyaye masu tambayar amfaninsa a gaba, ku duba tela da magini da kafinta da mai walda. Wanda ya iya fitar da abu a takarda kafin ya yanka yadi ko ƙarfe shi ne ba ya ɓarnar kayan mutane.

Na huɗu kayan aiki ne. Ba a buƙatar fenti ko takarda mai tsada. Allo da alli sun isa gwaji, fensir da kaye guda sun isa ajiya. Barth da fensir ya yi nasa.

Abin da nake roƙo ba ya jiran takarda daga Yamai. Kafin hutun Sallah, malami ya raba wa yaran manyan azuzuwa aiki: kowa zai dawo da zane ɗaya na abin da ya gani a hawa ko a filin Idi, da sunan abin, da sunan garin, da kwanan wata. A makon komawa a ba sa'ar zane haƙƙinta, a gyara, a rubuta bayani. A gayyato dattijo ɗaya daga fadar sarkin kanto ko mai gari, ko wani tsohon madugu, ya duba zanen ya ce wannan daidai, wannan ba haka ake ɗaura shi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma irin waɗannan dattawa ba sa ƙaruwa. Daga nan a zaɓi goma mafi kyau a ɗinke su wuri ɗaya, a rubuta shekarar a bango, darakta ya ajiye a akwatin makaranta, a kai kwafi fada. Inda ba a hawa, akwai ranar kasuwa, akwai saukar raƙuman gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, akwai rijiya da guga, akwai rumbu. 'Yan mata kada a bar su baya, domin su ne ke ganin ɓangaren bikin da Barth da Iacovleff ba su isa su gani da kyau ba: kitso, lalle, jeren ɗaki, tuwon Sallah da rabonsa.

Ku iyaye, naku ya fi sauƙi. Idan kun ga yaro ya duƙufa yana zane a ƙasa ko a bayan kaye, kada ku ce yana ɓata lokaci. Ku tambaye shi me ya zana, ku gyara masa sunan idan ya kuskure. Ku nuna masa takobin kakansa ko tsohon sirdin da ke rataye a zaure kafin gara ta gama da shi ko dillalin kayan tarihi ya saye shi da kuɗin goro. A taron kwamitin iyaye kuma ku tambaya ko ana yin darasin zane, kamar yadda kuke tambayar lissafi.

Duniya ta riga ta san darajar abin da muke da shi. UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ake karewa a 2024. Manyan birane za su samu masu kyamara. Ƙaramin hawan Gangara ko Tarka ko Olalewa ko Falanko babu mai zuwa daga nesa don shi, kuma yana canjawa a gaban idonmu: dawaki na raguwa, babura na ƙaruwa, matasa na tafiya Libiya da Aljeriya, masu busa algaita na tsufa ba magada. Idan makarantu ashirin suka yi wannan aiki shekara goma a jere, Damargu za ta mallaki abin da ba ta taɓa mallaka ba, wato kamanninta da hannun 'ya'yanta, da sunayen abubuwa yadda muke kiran su. Sallah mai zuwa ba ta da nisa, kuma fensir bai fi ƙarfin kowa ba. Allah ya ba mu ikon farawa.